A Ba Mashayanmu Ɗaki Da Mabuɗi

 Maganar da muka kawo a wannan fitowa ba mai daɗin ji ba ce, kuma mun san akwai waɗanda za su ce da ma an bar ta a zaman dattawa. Ba za mu bar ta can ba. Ta daɗe a can, ga shi kuwa gidaje suna ta lalacewa.

Maganar ita ce: yadda yawancin ikkilisiyoyinmu suke bi da mashayi ba ya raba shi da giya. Kowa ya san tsarin. A ga mutum yana tangaɗi a hanyar kasuwa, ko matarsa ta kawo kuka, sai a kira shi gaban dattawa. Ya sunkuyar da kai ya ce ya tuba. Ranar Lahadi a sanar an sa shi ƙarƙashin horo na wata uku ko shida, ya koma bencin baya, a hana shi Jibin Ubangiji, in yana cikin mawaƙa a karɓe rigarsa. Wa'adi ya cika, a kira shi gaba, a yi masa addu'a, a yi tafi. Kafin masara ta sake nuna an dawo da shi bencin nan. Akwai bayin Allah da suka yi wannan zagaye har jama'a ta daina ƙirgawa, ranar da aka yi jana'izarsu kuma mai wa'azi ya rasa abin da zai faɗa sai kame-kame.

Ba mu ce a soke horo ba, ikkilisiya tana da ikon ta kira zunubi da sunansa. Tambayarmu ga dattawa guda ce: sujadar Lahadi awa biyu ce ko uku, to wa ke tare da wannan mutum a sauran kwanakin mako? Wa ke zuwa wurinsa da la'asar ɗin ranar kasuwa, sa'ad da kuɗin buhu biyu suke aljihunsa, maƙogwaronsa yana ƙaiƙayi? Mutanen Allah sun ja jiki don kada a gan su da shi. Waɗanda ba su ja jiki ba su ne abokan ƙwarya. Horo ya raba shi da masu bi, bai raba shi da gidan giya ba, sa'an nan ana mamaki don ya koma inda ake yi masa maraba.

Abin da muke kira a yi ba shi da tsada. Kowace ikkilisiya, ko ikkilisiyoyi biyu uku da ke kusa da juna, su ware ɗaki ɗaya, ajin makarantar Lahadi ma ya isa, su ba masu fama da sha mabuɗinsa sau ɗaya ko sau biyu a mako. Su zauna su kaɗai, su faɗa wa juna gaskiya, su riƙe juna. Ba wa'azi, ba alƙali, ba mai rubuta suna.

Masu cewa wannan baƙon abu ne su saurari inda ya samo asali. A watan Mayu na 1935 wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson ya je garin Akron a jihar Ohayo ta Amurka don wata harka, harkar ta rushe. Watanni kaɗan ke nan da ya bar giya bayan ta kusa kashe shi. Yana tsaye a masauki, ga mashaya a gefe ana ta raha, ya ji ƙafarsa tana jansa. Sai ya duba allon da aka jera sunayen majami'un garin, ya buga wa wani fasto waya. Bai ce a yi masa wa'azi ba. Cewa ya yi a haɗa shi da wani mashayi ya yi magana da shi, don shi kansa kada ya sha. Ta hanyar faston nan, Walter Tunks, aka kai ga wani likitan fiɗa, Dokta Bob Smith, wanda ya ce minti goma sha biyar kawai zai bayar. Sai da suka kwashe sa'o'i suna magana. A watan Yuni na wannan shekara likitan ya yi shansa na ƙarshe, bai ƙara ba har ya rasu a 1950. Daga su biyun nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta tashi, wadda ake taƙaitawa AA, ma'ana mashayan da ba a bayyana sunayensu. Yau tana ƙasashe wajen 180, da mutane kusan miliyan 2.

Abu biyu muke so dattawa su lura da su a labarin nan. Dokta Bob ba kafiri ba ne. Ya yi fiye da shekara biyu yana zuwa taron addu'a na wata zumuntar masu bi, yana karatun Littafi Mai Tsarki, yana roƙon Allah, yana kuma komawa gida ya bugu. Allah bai ƙi jin addu'arsa ba. Ya amsa ta ne ta bakin wani mashayi ɗan'uwansa, wanda ya san yadda hannu yake rawa da asuba, ya san inda ake ɓoye kwalba, ya san kowace ƙaryar da ake yi wa mata. Na biyu kuma, a dubi aikin da faston ya yi. Ya haɗa su, ya koma gefe. Bai ce dole a zauna a gabansa ba.

Za a ce da mu, kuma an sha faɗa, wai wanda ya sami sabuwar haihuwa ba ya bukatar wata ƙungiya, addu'a ta isa. To, in haka ne, me ya sa muke da Zumuntar Mata? Me ya sa matasa suke da tasu, gwauraye mata suke taruwa su ta'azantar da juna? Ba wanda ya taɓa cewa Zumuntar Mata raini ce ga ikon addu'a. Dattijon da hawan jini ya kama yana addu'a, yana kuma zuwa asibitin Funtua a auna shi, yana shan ƙwayarsa kullum, ba mai kiransa marar bangaskiya. Mun gaskanta Allah yana iya cire sha'awar giya daga zuciyar mutum a dare ɗaya, kuma akwai masu wannan shaida a cikinmu, muna gode masa dominsu. Amma kuskure ne babba a ɗauki shaidar mutum ɗaya a mai da ita bulalar dukan mutum tara da ba a yi wa haka ba. Mutum ya fito gaban bagadi a taron falkaswa yana hawaye, da gaske yake. Bayan mako uku ya faɗi, da gaske kuma ya faɗi. Jikin da ya shekara ashirin yana karɓar giya ya riga ya sāke, ƙwaƙwalwa ta koyi neman ta kamar yadda ciki ke neman tuwo. Likitocin da suka gwama wannan cuta da hawan jini da asma a shekara ta 2000 sun nuna cewa tsakanin 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinyar shaye-shaye suna sake komawa, kusan daidai da yadda waɗancan cututtuka suke tashi wa masu su. Ba wanda ke korar mai asma daga asibiti don ta sake tashi.

Wasu kuma cewa suke yi in an tara mashaya wuri ɗaya sai dai su ƙara lalata juna. Iyayenmu, ai a tare suke tun da daɗewa. Kowace yamma a tare suke, a bayan wancan dangan da kowa ya sani. Abin da ya rage shi ne a sauya abin da ya tara su. Kuma wannan ba zato ba ne, an auna. A 2020 wasu masana uku, John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri, suka tattara bincike 27 da ya shafi mutum 10,565. Suka tarar cewa cikin waɗanda aka bi da su bisa tsari aka shigar da su irin wannan taro, 42 cikin 100 ba su taɓa giya ba har shekara ta zagayo, alhali cikin waɗanda aka yi wa wasu hanyoyin jinya na ƙwararru 35 ne cikin 100. Wasu masanan, Rudolf Moos da Bernice Moos, sun bi sawun mashaya har shekara 16, suka buga sakamakon a 2006: waɗanda suka lizimci taron makonni 27 ko fiye a shekarar farko sun fi sauran tsayawa, har bayan waɗannan shekaru masu yawa. Wanda ya leƙa sau biyu ya daina bai sami wannan riba ba. Kamar taki ne, sai an zuba yadda ya kamata.

Ba za mu ɓoye muku ɗaya gefen ba: 42 cikin 100 na nufin fiye da rabi sun sake kurɓa cikin shekarar. Ba maganin kowa da kowa ba ne. Amma muna roƙon kowane sakataren ikkilisiya ya buɗe littafinsa, ya ƙirga waɗanda aka sa wa horo saboda sha cikin shekara goma da suka wuce, ya ƙirga nawa ne suke tsaye yau. Sa'an nan a zo a yi maganar wace hanya ce ba ta aiki.

Akwai wani sakamako da ya fi duk waɗannan shiga ranmu. A 2004 Maria Pagano da abokan aikinta suka duba waɗanda suka gama jinya, suka raba su biyu: masu taimakon wasu mashaya, da waɗanda ba sa yi. Cikin masu taimako, 40 cikin 100 suka kai shekara ba sha. Cikin sauran, 22. Wato kusan ninki biyu. A nan ne tsarin bencin baya ya fi yin ɓarna, domin abu na farko da yake ƙwace wa mutum shi ne amfaninsa. Ba ya waƙa, ba ya karɓar baiko, ba ya share majami'a da sunan hidima, ba a aikensa ko'ina. An ce masa ba shi da abin da zai ba kowa. A ɗakin da muke magana kuwa, mutumin da ya yi wata biyu ba sha yana da dukiyar da Baba Fasto ba shi da ita, duk da karatunsa: yana iya duban wanda ya yi kwana biyu ya ce masa, daren jiya na san yadda ka kwana, haka na kwana, ga abin da na yi. Abin kunyarsa ya zama abin hidimarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu kuma daina ɗauka cewa barin giya shi ne ƙarshen aikin. Mutum yana iya barin sha ya zauna cikin baƙin ciki da ya fi na da. A yi tunanin abin da gidan giya yake ba manomi ban da abin da ke cikin ƙwarya. A can yake jin farashin masara da waken suya, a can ake neman 'yan ƙwadago, a can ake ranta masa kuɗin cefane, a can ake dariya da barkwancinsa. Ranar da ya bari, duk wannan ya tafi. Ya dawo gida da magariba da idonsa biyu, ya tarar da matar da ta shekara goma tana tara fushi, da yaran da suka saba gudu in sun ji tafiyarsa, da bashin falle da ya ci tun damina, da gonar da ya jinginar. Da can in abin ya taso masa sai ya sha ya manta. Yanzu ba abin da ya tsaya tsakaninsa da su. Barci ba ya zuwa, rai yana ɓaci ba dalili. Wannan hali yana iya ɗaukar watanni, kuma a cikinsa ne yawanci suke faɗuwa. Masu binciken da suka nemi sanin dalilin da ya sa taron yake aiki sun tarar babban sirrin shi ne sauya abokan zama: mutum ya rage masu kiransa sha, ya sami masu kiransa hira. Lafiyar da muke nema wa ɗan'uwanmu ke nan, ya yi barci, ya ci tuwo da iyalinsa, ya biya bashinsa kaɗan-kaɗan, ya shiga kasuwar Bakori a kira shi da sunansa ba da sunan tsokana ba.

Ga masu cewa abin Turawa ne, har ma a tarurrukan AA ba a tilasta kiran sunan Yesu, amsarmu gajeriya ce. Tun 1877 wani matashin fasto, Louis-Lucien Rochat, ya kafa ƙungiyar Shuɗin Gicciye a birnin Jeneba na ƙasar Suwizalan, shi kansa ya ɗauki alkawarin barin ruwan inabi don kada mashayi ya tsaya shi kaɗai, kuma ƙungiyar tana aiki a ƙasashen Afirka da dama har yau. Ba wanda ya hana mu buɗe namu taro da addu'a cikin sunan Almasihu. Game da baƙunci kuwa, wa ya koya wa kakanninmu gayya? Wa ya koya wa iyayenmu mata adashi? Mutum goma su haɗu su gama noman da mutum ɗaya ba zai iya ba, gobe su koma gonar na biyu, ba shugaba sai amana. Abin nan namu ne tun fil azal. Abin takaici ma shi ne a da da giya ake sallamar 'yan gayya. To, ga gayyar da za a yi don a rabu da ita.

Yanzu bari mu zo ga ainihin abin da ke hana ruwa gudu, wanda ba a cika faɗinsa a fili ba. Kunya ce, kunyar maƙwabta. Mu 'yan kaɗan ne a wannan ƙasa. Yawancinmu 'ya'ya da jikokin Maguzawa ne, kuma tun kafin bishara ta zo an san gidajen kakanninmu da burkutu, a biki, a makoki, a gayya. Iyayenmu da suka karɓi bangaskiya sun sha wuya kafin su wanke wannan suna. Da jihar Katsina ta fara aiki da shari'a a watan Agusta na 2000, aka hana sayar da giya a fili, cinikin bai mutu ba, lungu ya shiga, wani kuma ya gangaro ƙauyuka irin namu. Sai tsohon zargin ya sami sabon ƙarfi: unguwar Kirista, unguwar giya. Saboda haka dattijo yana jin an ce a buɗe taron mashaya a harabar majami'a, abin da ke faɗo masa shi ne, me za a ce da mu a gari?

Mun fahimci wannan tsoro, amma ba mu yarda da shi ba. Me za a ce wanda ba a riga an faɗa ba? Maƙwabtanmu ba makafi ba ne. Suna ganin wanda aka kwaso daga kwata a kan amalanke, sun san gidan da hayaƙin dahuwa yake tashi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne jama'ar da ta ce, i, muna da wannan ciwo, ga kuma abin da muke yi a kansa. Su ma suna da nasu kukan. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, ban da giya da taba, kuma a shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin saboda yadda ya cinye matasan Arewa. Ba gidan da wutar nan ba ta laso ba. Don haka muke cewa ƙofar ɗakin ta zama a buɗe ga duk mai son ya bar sha, ko daga wace ɗarika yake, ko ma ba mai bi ba ne, kada kuma a mai da ɗakin tarkon jawo kowa. Wanda ya zo neman ya bar giya, a taimake shi ya bar giya.

A kuma sani giyar yau ba irin ta kakanninmu ba ce. Burkutu sai an jiƙa dawa, ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a jira, kuma ba ta jure ajiya, kwana kaɗan ta lalace. Wannan wahala da kanta wani linzami ce. Yanzu ga 'yar leda da ƙaramar roba, ƙarfinta ya ninka na burkutu sau da yawa, kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, tana shiga aljihun ɗan makaranta. Hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu yin ta a 2018 cewa za a daina, ta fara aiwatar da hanin a Fabrairu 2024, aka yi ta ja-in-ja ana ɗagawa. Ga ogogoro da goskolo da ba wanda ya san abin da aka zuba musu. A 2015 irin wannan haɗi mai guba ya kashe mutane a jihar Ondo, ya kashe wajen 70 a jihar Ribas. Ga kuma ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kusan 8 cikin 100 na manya. Hantar da wannan ciwo yake ci, a ƙara mata giya, ita ce kumburin ciki da rawayar ido da muke binnewa muna cewa sammu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, miliyan 2 daga ciki maza. Magidanta ke nan.

Idan iyali suka rasa inda za su kai nasu, mun ga inda suke kai shi. A Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna. A Oktoba aka fito da 67 a Daura, cikin jiharmu. Kada wani mai bi ya yi saurin nuna yatsa: rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a Nuwamba na wannan shekara ya sami mutane ɗaure da sarƙa a gidajen addu'a na Kirista ma. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, gajiya suka yi. Sarƙa tana hana mutum sha muddin tana ƙafarsa.

Wani gargaɗi da dole kowane mai hidima ya riƙe. Mutumin da ya daɗe yana sha kullum, wanda hannunsa ke rawa da safe sai ya kurɓa, kada a kulle shi a ɗaki a ce ya yi azumin kwana uku ya bari farat ɗaya. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu yana iya faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu yana iya rikicewa, zufa ta karyo masa, ya riƙa ganin macizai da ƙwari a bango. Wannan ba aljani ba ne da za a kwana ana tsawata masa, jiki ne yake neman abin da ya saba, kuma yana kisa. A kai shi Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, in abin ya fi ƙarfinsu akwai Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Akwai maganin da ke kwantar da wannan hali, ana kuma ba da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Asibiti na kwanaki ne, taron na shekaru, kowanne da aikinsa.

Sai batun asiri, wanda muka san a nan ne za a fi kai ruwa rana da dattawa. Abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. In ɗan'uwa ya ce jiya na faɗi, maganar ba za ta je zaman dattawa ba, ba za ta je kunnen matar fasto ba, ba za ta fito a wa'azin Lahadi da sunan misali ba. Za a ce wannan rage ikon shugabanni ne. Muna tambaya: wa zai faɗi gaskiya a wurin da gaskiya take jawo masa wata shida a bencin baya? Tsarin da ake bi yanzu ƙarya yake koya wa mashayi, ya tauna citta kafin ya shigo sujada. A ƙauye riƙon asiri yana da wuya, kowa ya san keken kowa. Shi ya sa zai fi kyau ikkilisiyoyi su haɗa kai ba tare da duban ɗarika ba, ECWA da Katolika da Anglika da Baftis da HEKAN, don wanda yake jin nauyin garinsu ya je na gaba. Iyaka ɗaya ce: asiri ba ya rufe duka. Wanda yake dukan matarsa ko yaransa, wannan ba maganar ɗaki ba ce, dole dattawa su shiga, kuma a gaya wa kowa haka tun ranar farko.

Matan ma suna bukatar nasu zama. Lois, matar Bill Wilson, ta ga cewa barin shan mijinta bai warkar da nata raunin ba, a 1951 ita da wata abokiyarta suka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya. Wani likita a birnin Zagreb, Vladimir Hudolin, ya bi wata hanya tun 1964: iyali gaba ɗaya suke zuwa, gidaje ba su wuce goma sha biyu ba, sau ɗaya a mako, in sun yi yawa a raba biyu. Daga 1979 tsarin ya bazu a Italiya. Ga jama'a irin tamu, inda ba a raba mutum da gidansu, wannan abin dubawa ne ƙwarai, kuma Zumuntar Mata tana da ƙarfin ɗaukarsa gobe in ta so. Ita ce kuma za ta iya fuskantar maganar da maza suke kauce wa: wasu masu dahuwar burkutu 'yan'uwanmu ne, da yawansu gwauraye, da kuɗin suke biyan makarantar yara, wani lokaci daga ciki suke sa baiko. A ce wa irin wannan mace ta fasa tukunya ba tare da an nuna mata wata sana'a ba, wasa ne. Adashin Zumunta yana iya zama jarin ƙuli-ƙuli, ko awara, ko kiwon awaki.

Game da lokaci, kada a sa taron da dare. Tun abin da ya faru a garin Tsiga a Fabrairu 2025, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga suka tafi da mutane, har da Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, ba mai hankalin da zai ce wa magidanci ya bi hanyar daji bayan isha. A sa shi da la'asar, kuma in zai yiwu a ranar kasuwa, daidai lokacin da gwajin ya fi tsanani. A fara kafin kaka, gama daga sayar da amfanin gona zuwa Kirsimati da Sabuwar Shekara nan ne aikin damina guda yake narkewa a ƙwarya. Mutum biyu sun isa farawa. Kusan kowace ikkilisiya tana da wani dattijo ko magidanci da ya bar sha shekaru da suka wuce, yana zaune shiru don kada a tuna masa. Shi za a fara nema, a roƙe shi, a ba shi mabuɗin.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana cikin ajandar zamanta na gaba, a kuma rubuta amsar a littafi, ko i ko a'a, tare da dalili. Abin da ake nema daga aljihun ikkilisiya shi ne benci biyu, da tulun ruwa, da kuɗin mota in an sami wanda za a kai asibiti. Baba Fasto yana iya zuwa ranar farko ya yi addu'ar buɗewa, ya sa musu albarka. Bayan Amin, ya ɗauki Littafinsa ya fita, ya ja musu ƙofa.